Wa Ke Tsaron Ƙofarka?

 A wannan wata muna so mu yi magana a kan abin da ba a saba jinsa cikin Ekklesiya ba, watau wasan ƙwallon ƙafa, wanda dattawanmu su ke kira tamaula. Kowa ya sani babu abin da ya kama zukatan samarinmu kamarsa. In la'asar ta yi, ko a Kusfa cikin birnin Zariya, ko a Tudun Wada, ko Sabon Gari, ko Wusasa, duk inda aka sami ɗan fili za a tarar da yara sun kafa duwatsu biyu a maimakon raga, suna ta guje-guje ba takalmi. In ka tambayi ɗayansu abin da ya ke so ya zama, sai ya kira maka sunan wani ɗan wasa na Turai. Wasan kansa ba zunubi ba ne. Yana ƙarfafa jiki, yana koya wa yaro haƙuri da aiki tare da 'yan'uwa, waɗansu kuma da shi su ke ciyad da iyayensu. Manzo Bulus ma ya kan ɗauki misali daga masu tsere da 'yan dambe sa'ad da ya ke yi wa masu bi gargaɗi.

Amma yaranmu hawan 'yan wasa su ke gani, ba su cika jin labarin saukarsu ba. Saboda haka za mu ba da labarin wani haifaffen Kano wanda ya kai inda yaran nan su ke mafarkin kaiwa, daga baya kuwa ya tsaya gaban alƙali. Ba domin a yi masa dariya mu ke ba da shi ba. Jaridu sun riga sun buga shi, shari'ar kuma a fili aka yi ta. Hausawa sun ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

HAWANSA

An haifi Dickson Etuhu a Kano ran 8 ga Yuni 1982. Tun yana yaro aka kai shi Ingila, ya girma a unguwar Peckham a kudancin birnin Landan. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, a tsakiyar fili ya ke wasa. Aikinsa shi ne ya tare abokan karawa, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na gaba. Irin wannan aiki ba a cika yi masa tafi ba, amma ƙungiyar da ba ta da mai yinsa ba ta yin nisa.

A Manchester City ya fara. A 2002 Preston North End ta saye shi fam 300,000. Daga nan ya koma Norwich City, a 2007 kuma Sunderland ta biya fam 1,500,000 ta ɗauke shi. Ku duba, cikin shekara biyar kuɗinsa ya riɓanya har sau biyar. A 2008 ya koma Fulham ta Landan, a hannun mai koyarwa Roy Hodgson, can ne kuwa sunansa ya fito sosai.

A 2010 Fulham, wadda ba a lissafa ta cikin manya, ta ba duniya mamaki a gasar ƙungiyoyin Turai da a ke kira Europa. A watan Maris ta je Turin ta ƙasar Italiya ta kara da Juventus, aka ci ta 3 da 1. Ɗayan nan Etuhu ne ya ci shi. Da Juventus ta zo Landan, Fulham ta rama da 4 da 1, jimla ta zama 5 da 4. Ba domin ƙwallon da ɗan Kano ya jefa a Turin ba, da lissafin bai fita haka ba. Ran 12 ga Mayu yana cikin goma sha ɗayan da suka fara wasan ƙarshe da Atlético Madrid a Hamburg ta Jamus, inda aka ci su 2 da 1 bayan ƙarin lokaci. Wata ɗaya cif bayan wannan, ran 12 ga Yuni, ya sa rigar Nijeriya a Johannesburg, ya tsaya gaban Ajantina da Lionel Messi a gasar cin kofin duniya. Duka wasanni ukun da Nijeriya ta yi a Afirka ta Kudu, da Ajantina, da Girka, da Koriya ta Kudu, da shi aka yi su. Kafin wannan ma ya riga ya je gasar kofin Afirka sau biyu, a Gana 2008, da Angola 2010 inda Nijeriya ta zo ta uku. Shekarunsa 28 a lokacin. Wane yaro ne a Kusfa ko Sabon Gari zai roƙi abin da ya fi wannan?

SAUKARSA

Amma ƙarfin ɗan wasa kamar damina ne, watanninsa ƙidayayyu ne. A 2012 ya koma Blackburn Rovers, rauni ya dame shi, a 2013 suka rabu. Ya yi fiye da shekara guda ba shi da ƙungiya. A ƙarshen 2014 ƙungiyar AIK ta birnin Sitokholm, a ƙasar Suwidin, ta ɗauke shi, ya yi mata wasa har 2016. A 2017 mutumin da ya buga kofin duniya ya koma wata 'yar ƙaramar ƙungiya a can ƙasan jerin ƙungiyoyin Suwidin. Har zuwa nan babu abin kunya. Kowane ɗan wasa haka ya ke ƙarewa, na baya su zo su wuce shi.

Ga inda maganar ta ke. An sa ranar 18 ga Mayu 2017 AIK za ta kara da IFK Göteborg, dukansu manya ne a ƙasar. Mai tsaron gidan AIK na ɗaya ya ji rauni, saboda haka aka shirya mataimakinsa ne zai tsaya a raga, wani mutum mai suna Kenny Stamatopoulos, haifaffen Girka wanda ya taɓa tsare wa Kanada gida. Shekarunsa 37, shi ma kwanakin wasansa sun kusa ƙarewa. Shi da Etuhu sun yi zaman ƙungiya ɗaya, sun sha tafiya tare, sun sa riga iri ɗaya. Kwana biyu kafin wasan suka sadu a wani gidan abinci a Sitokholm, Etuhu yana tare da wani mutum na uku. Bisa ga abin da kotu ta tabbatar daga baya, a wurin nan aka yi wa mai tsaron gidan tayin kuɗi wajen krona miliyan 2 na Suwidin, watau fiye da fam 150,000 na Ingila, domin ya sassauta hannu a ci ƙungiyarsa.

Mai yiwuwa wani dattijo ya ce, wa zai biya wannan dukiya domin ƙwallo ta shiga raga? Amsar ita ce caca. A zamanin nan mutane a ko'ina cikin duniya suna zuba kuɗi a kan yadda wasa zai ƙare, waɗansu a shago, waɗansu ta wayar hannu. Wanda ya riga ya san ƙarshen wasa tun ba a fara ba, zai zuba dukiya mai yawa ba da tsoro ba, ya kwashe ta sauran mutane. Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya kuwa babu wanda ya fi mai tsaron gida amfani ga irin waɗannan mutane. Na gaba yana iya zubad da ƙwallo goma wani ya zo ya ci. Amma mai tsaron gida in ya yi jinkirin ƙiftawar ido sau ɗaya, shi ke nan, 'yan kallo kuwa za su ce kuskure ne.

Mai tsaron gidan bai karɓa ba. Ya je ya faɗa wa shugabannin ƙungiyarsa, su kuma suka kai maganar gaba. A ranar wasan hukumar ƙwallon ƙafa ta Suwidin ta ɗage shi, 'yan sanda suka shiga bincike.

Etuhu ya musanta laifin tun daga farko. A Disamba 2018 kotun farko ta Sitokholm ta sallame shi, shi da mutumin nan na uku, ta ce maganar da aka yi ba ta fito fili har ta kai tayin hanci ba. Mai gabatar da ƙara ya ɗaukaka ƙara. A Nuwamba 2019 babbar kotun Svea ta rushe hukuncin farko, ta same su da laifi, ta ci su tara, ta yi musu ɗaurin talala, watau ba a kai su kurkuku ba amma hukunci yana rataye a wuyansu in sun ƙara. A Afrilu 2020 hukumar ƙwallon ƙafa ta Suwidin ta hana shi shiga harkar wasan har shekara biyar. Wa'adin nan ya riga ya cika. Amma yau in an ambaci sunansa, labarin gidan abincin nan yana biye da labarin Turin da Hamburg. Sunan da aka yi shekara goma sha biyar ana ginawa, zama ɗaya ya ɓata shi.

GANUWA DA ƘOFA

Mutanen Zariya sun san ganuwa. Kakannin Zazzagawa sun zuba ƙasa sun kewaye birni da ita, Kusfa da sauran unguwanni suna ciki, har yau ana ganin ragowarta. Amma ba a gina gari ba mafita. Dole aka bar ƙofofi, su Ƙofar Doka, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Kona da sauransu, kowace da mai tsaronta. Mayaƙi mai wayo ba ya ɓata ƙarfinsa a kan ganuwa in yana iya saye mai ƙofa. Shi ya sa aka ce da ɗan gari a kan ci gari.

Nehemiya ya san wannan. Bayan da ya gama gina garun Urushalima cikin kwana 52, bai ce aiki ya ƙare ba. Ya nemi mutumin da zai danƙa wa birnin, ya zaɓi Hananiya. Littafi Mai Tsarki bai yabi Hananiya domin ƙarfi ko dabarar yaƙi ba, amincinsa da tsoron Allah da ya ke da shi aka ambata. Sa'an nan Nehemiya ya umarta kada a buɗe ƙofofi sai rana ta yi zafi, a kuma rufe su tun masu tsaro suna tsaye.

Ku tuna kuma da Samson. Shi ne ya tumɓuke ƙofar birnin Gaza da madogaranta da dare, ya saɓa a kafaɗa ya hau dutse da ita. Filistiyawa sun gwada shi da ƙarfi sun kāsa. Sai shugabanninsu suka tafi wurin Delila, kowannensu ya yi mata alkawarin azurfa 1,100. Mutumin da ya ɗauke ƙofar birnin waɗansu, bai iya tsare ƙofar zuciyarsa ba. Ya ƙare makaho yana niƙa a kurkuku.

'Yan'uwa, baiwa ganuwa ce. Ilmi ganuwa ne, suna mai kyau ganuwa ne, haka nan yawan shekaru cikin Ekklesiya. Amma kowane mutum yana da ƙofa, Shaiɗan kuwa ba ya hawan ganuwa, ƙofa ya ke nema.

YAUSHE, KUMA TA HANNUN WA?

Mu lura da abu biyu cikin labarin nan. Na fari, lokacin. Abin bai faru sa'ad da mutumin ya ke tsakiyar aiki, dubban idanu suna kansa ba. Ya faru bayan da tafi ya yi shiru. Haka ya faru da Sarki Dawuda. Bai fāɗi a gaban Goliyat ba, bai fāɗi a jeji sa'ad da Saul ya ke farautarsa ba. Ya fāɗi a shekarar da rundunarsa ta fita yaƙi shi kuwa ya zauna a gida, yana yawo a kan soro da maraice. Allah kaɗai ya san zuciyar kowa, ba za mu yi wa Etuhu shaidar abin da ke ransa ba. Amma mun san kanmu. Mun san yadda mutum ya ke ji in ya bar aiki, albashi ya tsaya, dangi kuwa ba su daina zuwa ba, masu gaisuwa suka ragu a zaure. Wannan lokaci ne mai hatsari ga ɗan wasa, da ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, har ma da dattijon Ekklesiya da aka zaɓi wani a madadinsa.

Na biyu, hanyar. Ba baƙo ne ya zo wa mai tsaron gidan nan da maganar ba. Da baƙo ne, da ko zama ba zai yi ba. Wanda ya sani ne, abokin aiki, a kan abinci. Jaraba ba ta cika zuwa da fuskar maƙiyi ba. Ta kan zo ta bakin ɗan ajinku na dā, ko suruki, ko wanda ya taɓa taimakonka ran da ka shiga uku. Ba ta kuma kiran kanta da sunanta. Babu mai ce maka, ga hanci. Sai a ce ga na goro, ko a ce a san yadda za a yi, ko a ce ai kowa ma haka ya ke yi. Ku tuna kotun farko ta sallami mutanen nan domin maganar ba ta fito fili ba. Haka maganar rashawa ta ke kullum, a naɗe ta ke zuwa, domin in ta ɓaci mai ita ya ce wasa ya ke yi. Ubangijinmu ma ɗaya daga cikin sha biyun da su ke cin abinci tare da shi ne ya bashe shi a kan azurfa talatin, da sumba kuwa ya nuna shi.

DUKIYA ƊAYA, MUTUM BIYU

Cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5, akwai labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wanda Allah ya warkar da shi daga kuturta a Kogin Urdun. Ya komo da dukiya zai ba Annabi Elisha, Elisha ya ƙi, ya matsa masa, ya ƙi. Gehazi baran Elisha yana tsaye yana kallo. Da Na'aman ya yi ɗan nisa, sai Gehazi ya bi shi a guje, ya shirya ƙarya ya ce maigidansa ya yi baƙi biyu, ya karɓi azurfa talanti biyu da riguna biyu, ya kai gida ya ɓoye, ya zo ya tsaya gaban maigidansa kamar bai je ko'ina ba. Ya sami azurfar Na'aman, ya kuma sami kuturtar Na'aman. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Dukiya ɗaya ce aka ajiye gaban mutum biyu, a gida ɗaya, a rana ɗaya. Haka kuma a Sitokholm. Mai tsaron gidan nan ba yaro ba ne mai sauran shekaru goma na albashi a gabansa. Ya ma girmi Etuhu. In da akwai wanda zai ce wa kansa, wannan ce damata ta ƙarshe, to, shi ne. Ba mu ba da labarinsa domin mu mai da shi waliyyi ba. Abin da mu ke so ku gani shi ne, hanci ba ya ciwuwa sai da mutum biyu. In na biyun ya ƙi, duk shirin ya rushe.

BA A TURAI KAƊAI BA

Kada wani ya ce wannan halin Turai ne. A Yuli 2013 a garin Bauchi, ƙungiyoyi biyu suna neman gurbi ɗaya na hawa mataki, Plateau United Feeders da Police Machine ta Adamawa. Makinsu ɗaya, saboda haka wanda ya fi yawan ƙwallaye shi zai hau. Aka sa wasanninsu a lokaci guda. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Feeders tana cin Akurba ta Nasarawa 7 da 0, Police Machine tana cin Bubayaro ta Gombe 6 da 0. Da aka tashi, na farko ya zama 79 da 0, na biyu 67 da 0. Ku yi lissafi: ƙwallo 72 cikin minti 45, watau ba a cika daƙiƙa 40 ba sai an ci wata. Duniya duka ta yi mana dariya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta kori 'yan wasan da jami'an wasannin har iyakar ransu, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma.

A filayen nan biyu akwai 'yan wasa arba'in da huɗu, ban da alƙalan wasa da masu koyarwa da shugabanni. Duk da haka wasannin suka tafi har ƙarshe. A Suwidin mutum ɗaya ya tsai da wasa tun ba a busa usur ba. Samarin Bauchi kuwa, masu mafarki irin na yaranmu, suka rasa sana'arsu cikin yamma ɗaya.

Ba a filin wasa kaɗai a ke sayar da raga ba. Malamin makaranta mai riƙe da takardun jarrabawa mai tsaron gida ne. Haka akawu mai riƙe da fayil, da ma'aikaciyar asibiti mai riƙe da mabuɗin ɗakin magani, da mai awo da mudunsa, da ma'ajin Ekklesiya da kuɗin baiko, da uban da a ke tambaya labarin halin ɗansa kafin aure. Kowannensu akwai mutanen da suka juya masa baya suna fuskantar gaba, gama sun amince gida yana hannu mai kyau. Maƙwabtanmu Musulmi na Kusfa da sauran unguwannin malamai, su ma addininsu ya hana ba da rashawa da karɓarta. Abin kunya ne ƙwarai a ce an sami mai kiran sunan Kristi yana sayar da amanar da maƙwabcinsa ya riƙe.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na ɗaya, mu yanke shawara tun kafin ranar. Wanda ya bari sai kuɗi suna kan tebur kāna ya fara tunani, ya makara. Daniyel tun farkon zuwansa Babila ya ƙudura a ransa abin da ba zai yi ba, shi ya sa ramin zakoki bai same shi yana shawara ba.

Na biyu, mu rarrabe rufin asiri da rufa wa mugunta. Rufin asiri hali ne mai kyau a wurinmu. In ɗan'uwa ya talauce, ko ya yi tuntuɓe ya tuba, mu rufa masa. Ubangiji ma ya koya mana mu fara samun mai laifi a kaɗaice kafin mu kira shaidu ko mu kai ga Ekklesiya. Amma in ana shirin cutar mutanen da suka ba ka amana, shirunka hannu ne cikin cutar. Da mai tsaron gidan nan ya ƙi kuɗin kurum ya yi shiru, da masu shirin suna da sauran kwana biyu su nemi wani. Za a kira ka munafuki, za a ce ka tona asirin aboki. Ka daure. Wanda ya zo sayen amanarka, shi ne ya fara sayar da abutarku.

Na uku, iyaye da shugabannin matasa, kada mu hana yara wasa, amma mu faɗa musu gaskiya. Cikin dubban da ke guje-guje a fili kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ƙwallo, waɗanda suka ci ma kafin shekara arba'in sun gama. Yaro ya riƙe karatunsa, ya koyi sana'ar hannu. Mu kuma tsawata a kan caca. Saurayin da ke kai kuɗin makarantarsa shagon caca, shi ke cika tukunyar da masu sayen 'yan wasa su ke ɗiba. Bulus ya tuna wa Timoti cewa ɗan wasa ba ya samun rawani sai ya bi ka'idar wasan. Yaron da ya koyi rage shekarunsa domin ya shiga gasar yara, an riga an buɗe masa ƙofa tun yana ƙarami.

Na huɗu, Ekklesiya ta kula da waɗanda ranarsu ta yi yamma. Muna rububin gaishe da mutum sa'ad da ya ke kan kujera, muna sa shi shugaban kowane taron neman gudummawa. In ya sauka fa? Mu ziyarce shi, mu ba shi aiki cikin jama'a, mu rage masa nauyin roƙo. In masu bi ba su zauna da shi ba, waɗansu za su gayyace shi cin abinci.

ƘOFAR DA BA A RUFE BA

Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai wanda ya riga ya buɗe ƙofarsa. Babu kotun da ta kira shi, babu jaridar da ta buga sunansa, amma shi ya sani, Allah kuma ya sani. Ɗan'uwa, kada ka ce taka ta ƙare. A dare ɗaya almajirai biyu suka fāɗi. Yahuza ya mai da kuɗin ga waɗanda suka saye shi, amma bai komo wurin Ubangiji ba, ya hallaka. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya komo, aka danƙa masa kiwon tumaki. Zakka na Yariko ya yi arziki da zaluntar mutane wajen karɓar haraji, amma ran da Yesu ya sauka a gidansa ya tashi tsaye ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. Tuba ta gaskiya tana da ƙafafu, tana zuwa har ƙofar wanda aka cuta.

Hukuncin hukumar wasa shekara biyar ne, ya wuce. Mutane kuwa ba su cika mantuwa ba. Amma Yesu Kristi, wanda aka sayar da shi a kan kuɗi, ya mutu domin masu saye da masu sayarwa duka, jininsa kuma yana wanke abin da shekaru ba su iya wankewa. Mu yi wa Dickson Etuhu addu'a, da samarin nan na Bauchi, kamar yadda za mu so a yi mana. Wanda kuma ya ke tsammani yana tsaye, ya duba ƙofarsa yau.

Ya Ubangiji Allah, kai ne mai tsaron mutanenka dare da rana. Ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi, ka ba mu ƙarfin hali mu ƙi mugunta ko da ta zo ta hannun wanda mu ke ƙauna. Ka ta da waɗanda suka fāɗi, ka kiyaye 'ya'yanmu a fili da makaranta da kasuwa, ka same mu da aminci a kan abin da ka danƙa mana. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.